Difireshan a Hausa: damuwa ce ko ƙunci?

1/
Jama'a, neman kalma ya kawo ni yau. Abin da Turawa ke rubutawa depression, yaranmu na Gusau kuma suke furtawa difireshan, ina so mu tsayar masa da suna guda a Hausa, sunan da uwa za ta ji ta san ko lokacin zuwa asibiti ya yi. Na ga abin da rashin sunan ya jawo a gidanmu, shi ya sa.

2/
Bara da damina mijin yayata ya rasu. Babban ɗansu shekararsa 16, yana aji biyar a sakandare. Aka yi kwana uku ana karɓar gaisuwa, yaya ta yi takabarta wata 4 da kwana 10 ta fita, kowa ya koma harkarsa. Shi kaɗai bai koma ba. Yaron da sai an aika a kamo shi daga filin ƙwallo bayan magariba, ya koma kwanciya a zaure, tuwonsa yana kwana a kwano. Ƙanwarsa in ta yi masa magana sai duka. Sakamakon zango biyu duk ya zube.

Yaya ta aiko min: "Malam, zo ka yi wa ɗanka faɗa, ya lalace."

Na zauna da shi har wajen isha'i kafin ya buɗe baki. Ya ce, "Kawu, ni fa ina ga difireshan gare ni." Da na kai wa yaya maganar, ta ce, "Mi ne ne kuma difireshan?" Na ce damuwa ce. Ta ce, "Damuwa? Wa ya rasa damuwa a garin ga? Ni da na rasa miji fa?" Na sake lale, na ce to wani nau'i ne na taɓin... ban ƙarasa ba ta tare ni: "Ɗana ba mahaukaci ba ne. Ba mai kai min shi Kware." Asibitin ƙwaƙwalwa da ke garin Kware take nufi.

Kalma ɗaya ta yi sauƙi da yawa, ɗayar ta yi nauyi da yawa. Tsakaninsu muka ɓata wata biyu kafin yaron ya ga likita.

3/
Bari in bi waɗanda ake da su a ƙasa.

Baƙin ciki: ya fi kowace kusa a kunne, amma Bahaushe ya riga ya ba shi aiki na biyu. In aka ce wane ɗan baƙin ciki ne, hassada ake nufi. Ka ce yarinya tana da ciwon baƙin ciki, kishiyar uwarta ta samu abin faɗa.

Mutuwar zuciya: wannan zagi ne. Ita ake jefa wa ƙato mai lafiya da ya zaɓi roƙo. Kuma ita ce ainihin ƙazafin da ake yi wa waɗannan yara, don haka ba za ta zama sunan ciwonsu ba.

Ciwon zuciya: likitocin zuciya sun riga mu.

Wani abokin aikina da ke koyar da Turanci ya ce mu bi asalin kalmar, tunda daga Latin ta fito kuma ma'anarta dannewa ƙasa. Na gwada. Danne zuciya a wajenmu haƙuri ne, abin yabo. Dannau kuwa kowa ya san shi, wanda ke hawa mutum cikin barci ya kasa motsi. Duk ƙofofin nan biyu a rufe suke.

4/
Saura wadda ta fi yawo: ciwon damuwa, ko cutar tsananin damuwa. Ita muke ji a rediyo, ita ke bakin ma'aikatan lafiya da yawa, kuma ban raina ta ba, don ta yi aiki. Amma ga inda nake da ja.

Damuwa a Hausa tana da mai jawo ta. Shi ya sa ake tambaya, me ke damunka? Kuɗin makaranta, jarrabawa, bashi, saurayi. In aka kawar da abin, damuwa ta tafi. To uba ya ji an ce ɗansa na da ciwon damuwa, sai ya tambayi abin da ke damunsa, yaro ya ce bai sani ba, uba ya ce ashe iskanci ne. Alhali gaskiya yaron ya faɗa. Wannan ciwo yakan zauna ko da sanadin ya wuce, wani lokaci ma ba a ganin sanadin.

Na biyu, akwai wani ciwon daban, na fargaba da zullumi da faɗuwar gaba a kan abin da bai faru ba. Kalmar damuwa ta fi dacewa da wancan. In muka ba difireshan ita, mun bar ɗan'uwansa ba riga, alhali likita yana bambanta su, ko da sukan haɗu a mutum guda.

5/
Abin da nake kawowa: ciwon ƙunci.

Ƙunci matsewa ce. Ɗaki mai ƙunci, ƙirji mai ƙunci, rai mai ƙunci. Ba ya bukatar a nuna wanda ya jawo shi. Duk wanda ya yi zaman tafsiri ya saba jin ƙuncin ƙirji, don haka malamin zaure ba zai ji ta baƙuwa ba.

Amma babban dalilina samari da 'yan mata ne. Babba in ciwon ya kama shi, yawanci sanyin jiki da hawaye ake gani. Matashi kuwa sau da yawa fushi ake gani: saurin hasala, tsawa, ƙin magana, ɗaure fuska. Littattafan likitoci ma sun yarda cewa a yara da matasa, saurin fushi yana iya tsayawa a madadin baƙin ciki wajen gane ciwon. Me Bahaushe ke ce wa mutumin da kullum ransa a ɓace, ba a iya masa? Mai ƙunci. Kalma guda ta ɗauko fuska biyun. Da na ce wa yaya ƙunci tun farko, da ta gane ɗanta a ciki, don abin da take gani ke nan kullum: yaro mai dukan ƙanwarsa.

Na san raunin ta. Wani zai ce ai duk Najeriya muna cikin ƙuncin rayuwa. Gaskiya ne. Shi ya sa kalmar ciwo ba ta faɗuwa daga gaba. Kowa yana da suga a jininsa, amma ba kowa ke da ciwon suga ba. Ƙunci na kowa ne. Ciwon ƙunci shi ne wanda ya zarce, ya zauna, ya hana aiki.

6/
To yaushe ƙunci ke zama ciwo? Nan ne sunan zai yi amfani ko ya tashi a banza.

Ma'aunin likitoci mako 2 ne. Ƙuncin rai ko fushi, ko gushewar sha'awar abin da yaro ke so a da, kusan kullum, mafi yawan yini, har mako 2 ko fiye. Tare da shi ana duba barci, ko ya ƙaurace ko ya yi yawa. Cin abinci, da rama ko ƙiba. Gajiya ba aikin komai. Kasa tattara hankali a aji. Jin cewa shi ba shi da amfani ko shi ne mai laifin komai. Nauyin jiki ko rashin natsuwa da har wasu ke lura. Da tunanin mutuwa. Alamomi 9 ne, ana neman 5. Amma uwa ba sai ta ƙirga ba. Tambayarta ita ce: ya daina zuwa makaranta ko islamiyya? Ya bar abokansa? Ya kai mako 2 a haka? In eh ne, a je.

Akwai abin da ba ya jiran mako 2, ba ya jiran gobe. Yaro ya ce gara ya mutu, ko ya ce kun kusa hutawa da ni, ko ya fara raba kayansa, ko aka ga rauni a jikinsa da shi ya yi wa kansa. Ranar za a kai shi asibiti. Kada a bar shi shi kaɗai, a kulle maganin feshi da na ƙwari da duk ƙwayoyin da ke gidan. Kuma a tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa. Tambayar ba ta dasa tunanin, sau da yawa ita ke ba yaro damar magana.

Haka in an ga ya fara neman sauƙi a tiramol ko kodin. An hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin tun 2018, amma kowa ya san bai ɓace daga lungu ba.

7/
Yanzu ɓangaren rashi, don shi ya ruɗe mu a gida.

Nan Hausa ba ta da talauci. Makoki shi ne zaman. Takaba ta matar mamaci ce. Abin da ke cikin zuciya kuwa alhini ne, ko jimami, da kewa. Alhini ba ciwo ba ne, kuma ba raunin imani ba ne. Annabi Yaƙub ya yi baƙin cikin rabuwa da Yusuf har idanunsa suka yi fari. Shekarar da Nana Khadija da Abu Ɗalib suka rasu, malaman tarihi shekarar baƙin ciki suke kiranta. Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya zubar da hawaye da ɗansa Ibrahim ya rasu.

Yadda likitan da ya ga yaronmu ya bambanta mana su ya zauna min. Alhini yana zuwa yana tafiya. An ga hular mamaci, ko sallah ta zo, sai ya taso. An jima yaro ya yi dariya da abokai. Kuma tunaninsa a kan wanda ya rasu yake. Ciwon ƙunci ba ya ɗagawa, kuma yana juyawa kan yaron kansa: ni ba ni da amfani, ni na jawo. Ɗan yayata ya yi wata da watanni yana ɗauke da cewa da ya raka babansa asibiti da wuri da bai mutu ba. Ba wanda ya sani.

Biyun suna haɗuwa. A da likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka kan jinkirta kiran abin ciwo a wata 2 na farko bayan rashi, amma a 2013 suka cire wannan ƙa'ida. Ma'ana, rasuwar uba ba hujja ba ce ta a zuba ido.

Akwai kuma alhinin da shi kansa yake daskarewa: bege mai tsanani da kasa karɓar rasuwar, har ya hana rayuwa tafiya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya shi a kundin cututtukanta da ya fara aiki a 2022, da sharaɗin ya wuce wata 6 kuma ya zarce abin da al'adar mutanen ta saba. Wannan ina ganin mu bi ƙa'ida ɗaya mu ce ciwon alhini.

8/
Wani dattijo a masallacinmu ya ce min duk wannan kawo ciwon Turawa ne cikin gida. Na ce Baba, a watan Fabrairun 2021 aka kwashe 'yan mata 279 daga makarantar Jangebe. Ƙauyuka nawa aka tayar, marayu nawa ke yawo a Gusau? Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce 1 cikin 7 na masu shekara 10 zuwa 19 a duniya yana fama da wata matsalar ƙwaƙwalwa, har da ƙasashen da ba a jin ƙarar bindiga. Ya yi shiru, sannan ya ce a dai haɗa da addu'a. Na ce wannan ba mu da saɓani.

9/
Game da Kware da yaya ke tsoro: asibitin ƙwaƙwalwa ne na gwamnatin tarayya a jihar Sakkwato, kuma zuwa can ba hauka ba ne. Amma ba dole a fara da can ba. Babban asibiti mafi kusa ya isa a fara, kamar Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Gusau ko Asibitin Yariman Bakura, na Kebbi kuma Asibitin Sir Yahaya. Likita zai duba ko ƙarancin jini ne ko matsalar maƙoƙo (thyroid), don su ma suna kawo kasala, in da bukata ya tura gaba. Ga matashi yawanci da zaman tattaunawa ake farawa. In an ba da magani, yakan ɗauki makonni kafin a ga aikinsa, ana sa ido sosai a farkon shan sa, kuma ba a yanke shi kai tsaye. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da shugaba Buhari ya sa wa hannu, aka sanar a Janairun 2023, ita ta maye gurbin dokar mahaukata ta 1958. Gwamnati ma ta sauya kalma.

10/
Don haka ga inda na tsaya: ciwon ƙunci a madadin difireshan, alhini ga jimamin rashi, ciwon alhini ga wanda ya daskare, a bar damuwa ga mai fargaba.

Na gwada ta a bakin yaya. Maƙwabciya ta tambaye ta ina suke zuwa da yaro duk bayan mako biyu, ta ce, "Ciwon ƙunci ne ya kama shi tun rasuwar babansu." Matar ta ce Allah ya ba shi lafiya, kamar yadda ake ce wa mai zazzaɓi.

Abin da ya rage min shi ne kunnen mutanen Kebbi. 'Yan'uwa na Argungu, Yawuri da Zuru, in kun ce wane mai ƙunci ne, har da saurin fushin kuke nufi kamar mu, ko matsin aljihu kawai ake ji? In kuma kakanninku mata suna da wata kalma ga yaron da ya daina ci ya daina wasa bayan rashi, ku kawo ta mu auna.