Wace kalma za mu sa wa sankarar maman da likitoci ke kira triple-negative?

Mai fassara: Assalamu alaikum malamai. Ina fassara wata takardar wayar da kan mata game da sankarar mama, da na zo kan nau'in da likitoci ke kira triple-negative sai alƙalami ya tsaya. Asalin sunan shi ne, idan aka yanki ɗan nama daga ƙullutun aka gwada, ba a samun abu uku a ƙwayoyin cutar: wurin da sinadarin istirojin ke maƙalewa, da na furojestaron (dukansu sinadarai ne da jikin mace ke samarwa), da kuma yawaitar furotin ɗin HER2. Na rubuta "mai babu uku", amma kunnena bai karɓa ba.

Ma'aikaciyar jinya: Wa alaikumus salam. Malam, gara da kunnenka ya ƙi. Mutanenmu sun saba da negetif daga gwajin ƙanjamau da na ciwon hanta, inda babu take nufin an tsira. Na taɓa ganin wata baiwar Allah da ɗanta ya karanta mata takardar sakamako a baranda, ta ɗaga hannu tana hamdala don an ce babu har sau uku, alhali wannan nau'i, wanda yake kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na sankarar mama, ya fi sauran saurin girma da bazuwa, kuma idan zai dawo bayan magani yawanci a shekarun farko yake dawowa. Tunda na ji ana cewa yana bin jini, me zai hana a ce "sankarar gado"?

Likita: Hajiya, wannan sunan zai ɓatar da mutane. Gaskiya ne cewa matan da suka gaji lahani a ƙwayar halittar BRCA1, wadda aka gano a 1994, idan sankarar mama ta same su galibi wannan nau'in ne, kuma lahanin yana iya zuwa ta wajen uba kamar yadda yake zuwa ta wajen uwa, abin da dangi kan manta idan ana tambayar tarihin gida. Amma mafi yawan masu cutar ba su gaji wannan lahani ba, don haka matar da babu mai ciwon a danginta za ta ɗauka ba ta cikin lissafi. Wannan nau'in sankara ya fi yawa ga waɗanda ba su kai shekara 40 ba, da kuma matan da asalinsu Afirka ta Yamma ne, ko a Najeriya da Ghana suke ko a Amurka. Ƙiba kafin ɗaukewar al'ada tana ƙara haɗarin, shayarwa kuma tana rage shi. Ni shawarata ita ce "marar makama uku", domin abubuwan nan uku su ne inda magani ke kamawa: tamoxifen yana toshe wurin istirojin, Herceptin yana kama HER2, idan kuwa babu su to waɗannan magunguna sun rasa makama, kamar tukunya mai zafi da ba ta da kunne.

Malamin Hausa: Likita, kalmar ta zauna a baki, sai dai a bar makama a tilo, domin da an ce "makamai uku" hankali zai tafi ga bindiga da takobi. Abin da ya ɗan dame ni shi ne, Bahaushe idan ya ce abu ba shi da makama yana nufin an rasa yadda za a yi da shi, ga kuma uku tana zaune a gefe, wadda marar lafiya ba za ta ji ta ba tare da ta tuna da shiga uku ba.

Likita: Malam, ba za a iya cire ukun ba, domin ita ce ke bambanta shi da sauran nau'o'in. Amma cutar tana jin maganin kemo, wato magungunan da ke kashe ƙwayoyin sankara, ana kuma haɗawa da tiyata da gashi, wato ƙona ƙwayoyin cutar da hasken na'ura, musamman idan an zo da wuri.

Mai fassara: Na gode ƙwarai. Na rubuta "sankarar mama marar makama uku", na kuma sa bayanin kemo da tiyata a jimlar da ke biye da sunan kai tsaye.