Imel ba ya shigo min sai na buɗe Gmail da kaina, dan Allah a taimaka

Maryam_Gwale

Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah waɗanda suka san harkar waya su taimaka min, abin nan ya ƙona min rai ba kaɗan ba. Wata huɗu kenan da na gama bautar ƙasa, tun lokacin nake ta cike-ciken neman aiki, duk inda na ji an buɗe sai na tura takardu. To wani kamfani da na nema suka turo min imel ranar Talata da safe wai in zo intabiyu ranar Alhamis ƙarfe goma, wallahi ban gani ba sai ranar Juma'a bayan la'asar da na buɗe Gmail ɗin zan nemo wata takarda, kawai sai ga saƙonni suna ta zubowa, guda goma sha ɗaya a lokaci ɗaya, nasu yana ciki. Ina zaune a tsakar gida da wayar a hannu na kasa motsi, Mama tana ta cewa ke lafiya, na kasa ba ta amsa. Na rubuta musu na ba da haƙuri amma har yau shiru.

Abin da ya ɗaure min kai shi ne WhatsApp nan take yake shigowa, ko sitika aka turo a guruf sai wayar ta yi ƙara, amma imel ɗin da rayuwata ta rataya a kai shi ne ba ya motsi. Wayata Android ce, ba sabuwa ba ce amma lafiyarta ƙalau. Akwai wasu wurare uku da nake jiran amsarsu, bana son a maimaita. Ya zan yi imel ya riƙa shigowa da ƙara nan take kamar saƙon tes?

MaiGyara_FarmCentre

Wa alaikumus salam. Allah ya musanya miki da mafi alheri 'yar uwa, abin da ba rabonka ba ne ko a hannunka yake sai ya suɓuce. Amma maganar waya tana da gyara, kusan kullum sai an kawo min irin wannan a shago, kuma sau da yawa ba lalacewa ba ce, mu ne da hannunmu muke kashe abin saboda tsoron ƙarewar data da caji.

Yadda abin yake, wayar Android tana riƙe da wata 'yar hanya a buɗe tsakaninta da Google ta cikin Google Play Services, da saƙo ya iso akwatinki sai a taɓo wayar ta wannan hanyar a ce mata akwai sabon abu, ita kuma manhajar Gmail ta je ta ɗauko. To idan an kashe sinkin, wato makunnin da ke barin waya ta riƙa ɗauko sababbin saƙonni da kanta, ko an taɓo ta ba za ta je ba, sai ranar da kika buɗe da kanki, shi ya sa kika ga goma sha ɗaya sun zubo tare. WhatsApp kuwa ba ruwansa da wannan makunnin, shi ya sa shi yake shigowa.

Ki fara da wannan: buɗe Gmail, taɓa layuka ukun nan na sama, ki sauka ƙasa ki shiga satin ("Settings"), ki taɓa adireshinki. Ki nemo inda aka rubuta "Sync Gmail" ki tabbatar da alamar tana kai. A wannan shafin dai akwai wurin sanarwa, zaɓi uku ne, duka ko masu muhimmanci kawai ko babu, ki sa shi a "All". Kar ki yarda da na masu muhimmanci kawai, domin na'ura ce take hasashen wanne ne mai muhimmanci, kuma kamfanin da bai taɓa rubuto miki ba tana iya ɗaukarsa ba komai ba. Sannan ki shiga "Inbox notifications" ki kunna "Notify for every message", in ba haka ba saƙon farko ne kawai zai yi ƙara, na bayansa su shigo shiru.

Bayan nan ki fita ki je satin na wayar kanta wajen akawun-akawun, akwai babban makunni na sinkin gaba ɗaya, shi ne mutane suka fi kashewa wai yana shan data. In yana kashe, duk abin da kika gyara a cikin Gmail aikin banza ne.

Sai maganar batir, wadda ita ce babbar matsalarmu a nan saboda rashin wuta kowa yana lallaɓa caji. Tun daga Android 6 a 2015 waya tana da tsarin da take yin barci idan an ajiye ta, tana rage wa manhajoji shiga intanet, kamfanonin waya kuma kowa ya ƙara nasa a kai. A Tecno da Infinix ki duba cikin Phone Master wajen da ake ba manhaja izinin tashi da kanta, ki ba Gmail. A Samsung akwai jerin manhajojin da aka sa barci a ƙarƙashin batir, ki cire Gmail daga ciki ki sa shi a waɗanda ba sa barci. A Redmi sunansa "Autostart". Ko wace iri ce dai, ki danne hoton Gmail ki shiga bayaninsa, wajen batir ki cire masa takunkumi, wajen data ki bar shi ya yi aiki a bayan fage. In wayarki Android 13 ce ko sama, ki duba ko an ma ba shi izinin sanarwa tun farko, domin daga nan ne aka fara tambaya, mutane da yawa kuma suna danna a'a ba tare da sun karanta ba.

Sadiya_Kaduna

Ƙari a kan abin da Malam ya faɗa, Maryam wane irin data kike saya? Na tambaya ne don ni abin da ya taɓa faruwa da ni kenan, ina sayen ɗan bandir ɗin nan na soshiyal mai arha, WhatsApp da Facebook suna tafiya lafiya lau sai na ɗauka ina da data, ashe imel ba ya cikin abin da bandir ɗin ya ƙunsa. Kwana biyar ina jiran saƙon makaranta yana can yana jirana.

Na biyu kuma ki duba ɓangarorin akwatin. Gmail yana raba saƙo gida-gida, akwai Primary akwai Promotions akwai Social da Updates, kuma a yadda yake zuwa na Primary kaɗai yake yi wa ƙara. Saƙon kamfanoni da yawa na'ura ce take turo shi ba mutum ba, to sai ya faɗa Updates ko Promotions cikin tallace-tallace. Ni dai na shiga "Inbox categories" na cire alamar dukkansu, komai ya dawo wuri ɗaya. Eh wayar za ta dame ki da ƙarar talla, amma mai neman aiki gara ta sha ƙara da ta rasa intabiyu. Ki riƙa leƙa Spam ma ko sau ɗaya a rana, shi ba ya sanarwa ko kaɗan, kuma bayan kwana 30 abin da ke ciki gogewa yake.

Injiniya_Bash

Duk abin da aka faɗa daidai ne, sai dai ban yarda da masu cewa sinkin yana cinye data da batir ba, wannan maganar ta daɗe tana yawo kuma ita take jefa mutane cikin irin wannan halin. Imel rubutu ne, nauyinsa bai kai hoto ɗaya na sitatus ba, bidiyo ɗaya da za ki kalla a TikTok ya fi imel ɗin sati guda cin data. In kina tsoro ki kashe saukar da maƙale-maƙale, wato hotuna da takardun da ake haɗowa da imel, da kansu, shi kenan. Hanyar da Google take taɓo wayar kuma guda ɗaya ce yawancin manhajoji suke amfani da ita, a buɗe take ko kin kunna Gmail ko ba ki kunna ba.

Ga masu iPhone da za su karanta wannan, naku daban ne. In ka sa adireshin Gmail na kyauta a cikin manhajar Mail ta Apple, ba ya shigowa nan take, wayar ce take zuwa dubawa lokaci-lokaci, mafi sauri duk minti 15, in ka kunna yanayin adana batir kuma ta daina zuwa ma. Tun 2013 Google ta rufe wa masu akawun na kyauta da za su haɗa sabuwar waya hanyar da ake bi a da saƙo ya shigo nan take. Mafita mai sauƙi ka sauke manhajar Gmail ɗin kanta daga App Store ka ba ta izinin sanarwa. Adireshin iCloud shi yana shigowa nan take a Mail ba matsala.

Masu imel na ofis ko na makaranta wanda ba na Google ba kuma, in kun sa shi cikin manhajar Gmail ta IMAP, wato hanyar haɗa imel na wani wuri da manhaja, shi ma dubawa take yi bayan mintuna, ba nan take ba. Manhajojin imel irin su Thunderbird na Android ko FairEmail suna iya riƙe layin a buɗe in sabar wurin, wato kwamfutar da ke ajiye imel ɗinsu, ta yarda da hakan.

Abu na ƙarshe Maryam, ki duba ko ma'ajiyarki ta cika. 15GB Google take bayarwa kyauta kuma Gmail da Drive da Photos duk a ciki suke, tun farkon 2024 ma ajiyar WhatsApp ta Android a ciki ake lissafa ta. In ta cika saƙo ba makara zai yi ba, ba zai shigo ba sam, komawa zai yi wa wanda ya turo.

Maryam_Gwale

Innalillahi, Malam mai gyara ka gano shi. Babban makunnin sinkin ɗin ne a kashe, kuma yanzu na tuna ni na kashe shi da kaina a sansanin bautar ƙasa lokacin da muke layin caji ana biyan kuɗi, wata ƙawata ta ce yana shan batir, ban sake tunawa da shi ba sama da shekara. Anti Sadiya ke ma kin yi gaskiya, saƙon nasu a Updates na same shi, kenan ko da sinkin yana kunne ba lallai ya yi ƙara ba. Na gyara duka, na cire ɓangarorin, ma'ajiya kuma saura 6GB. Na sa ƙanina ya turo min gwaji daga wayarsa, na kulle tawa na ajiye a kan firij, kafin in kai ƙofar kicin ta yi ƙara. Allah ya saka muku da alheri, ya ƙara buɗi.

Tambaya ɗaya ta rage, akwai yadda zan sa saƙon wuraren nan uku ya yi ƙara ta daban? Don tun ɗazu talla take ta shigowa ina ta zabura.

MaiGyara_FarmCentre

Amin 'yar uwa. Akwai, amma sai kin samu kwamfuta ko ki buɗe Gmail a burauza ki sa shi a yanayin kwamfuta, don ba a haɗa matata ("filter", wato dokar da ke tace saƙonni) daga cikin manhajar waya. Ki ƙirƙiri lakabi ("label") ki sa masa suna kamar Aiki, sai ki haɗa matata ki rubuta ƙarshen adireshin kamfanin, wato abin da ke bayan alamar @, ki ce duk saƙon da ya zo daga nan a manna masa lakabin kuma kar a taɓa kai shi Spam. Ki dawo waya ki shiga "Manage labels", ki taɓa Aiki, ki kunna sinkin ɗinsa da sanarwarsa, ki zaɓa masa ƙara mai ƙarfi wadda ba ki sa wa komai ba. Daga nan kina iya mayar da Promotions gidansa ki huta da talla, amma ki bar Updates a haɗe da Primary tunda wasu kamfanonin da wani adireshin daban suke turo gayyata.

Gwajin da kika yi kuma ki sake shi gobe da safe bayan wayar ta kwana a ajiye ba a taɓa ta ba, kuma cajin ya yi ƙasa, don a lokacin ne ake gane ko tsarin batir yana danne shi. In ya makara fiye da minti biyu ki faɗo min sunan wayar da lambar Android ɗinta in gaya miki daidai inda za ki taɓa.