Tsofaffin kayan adon gida a Legas: ina ake samunsu da araha kafin damina ta kankama?

Uwargidan Agege:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar kayan gwanjo a Legas. So nake na ƙawata falo da tsofaffin kaya na asali: tire da buta na tagulla, agogon bango mai wani (wanda ake murɗawa da makulli), madubi mai firam ɗin katako, kabad, kwanukan jere irin na iyayenmu, da fitilar tebur ɗaya ko biyu. A Amurka idan bazara ta shigo, daga Maris zuwa Mayu, mutane kan fitar da kayan da suka gaji da su ƙofar gareji ranar Asabar su karyar. Mu nan ina ake samun makamancin haka, kuma wane wata ya fi? Sannan yaya zan bambance tsoho na gaske da sabon da aka shafa wa datti? Ba na son na biya kuɗin tagulla a ba ni ƙarfe.

Dillalin Obalende:

Wa alaikumus salam Hajiya. A Legas ba a baza kaya a ƙofar gida, gwanjon a cikin gidan ake yinsa, kuma wanda ya riga ji shi ke kwashe na kirki. Arahar tana wurin mai tashi, wanda ranar jirginsa ko ranar ƙarewar hayarsa ta matso. Da zarar kaya sun isa shago, an riga an ɗora musu ribar mutum biyu ko uku.

Lokacin da ya fi shi ne daga Afrilu zuwa tsakiyar Yuni. Makarantun da 'ya'yan baƙi 'yan ƙasashen waje ke yi suna rufe shekara wajen Yuni, don haka iyalan da aikinsu ya ƙare a Ikoyi, Victoria Island, Lekki da GRA ta Ikeja a wannan tsakanin suke rage kaya. Ga kuma namu masu ƙaura zuwa Ingila da Kanada, waɗanda kan sayar da komai har labule. Akwai wani ƙaramin lokaci a Disamba, amma na kafin damina ya fi saboda kayan ba su sha danshin Yuni da Yuli a sito ba.

Labari kuwa a wurin 'yan'uwanmu yake. Masu gadi, direbobi da kukun gidajen nan su ne farkon sanin wanda zai tashi. Ki sa Maigida ko wani ƙaninki ya bar lambar waya wurin mutum uku ko huɗu, a faɗa musu takamaiman abin da ake so, a kuma yi musu alkawarin la'ada bayyananne. Haka 'yan gwangwan: tagulla da yawa tana shiga hannunsu, a kilo suke sayar da ita a narke. Idan kin ba su abin da ya ɗara farashin kilo, za su ware miki tire da buta kafin su wuce wajen masu awo irin na Owode Onirin.

Na intanet kuma akwai Jiji, Facebook Marketplace da shafukan masu rage kaya a Instagram. Ka'ida ɗaya ce: ba a tura ko sisi kafin a ga kaya ido da ido. Duk wanda ya ce a ba da kafin alƙalami don mutane sun yi masa yawa, a bar shi da mutanensa.

Kasuwanni: Jankara a cikin Tsibirin Legas an san ta da tarkacen da, sai dai da haƙurin tono. Aswani ta Isolo ranar Talata take ci, a je da sassafe. Katangowa ta fi ƙarfi a labule, zanin gado da shimfiɗu.

Wajen ciniki, idan gidan mai tashi ne, ranar farko ake samun zaɓi, ranar ƙarshe ake samun araha. Ƙananan kaya masu kyau a ɗauke su ranar farko. Manyan kaya masu nauyi kamar kabad a bari sai kwana ɗaya ko biyu kafin tashi, don mai gida ya fi jin tsoron a bar shi da su. Ki haɗa kaya huɗu ko biyar ki taya su a dunƙule, ya fi taya ɗaya-ɗaya sauƙi. A kasuwa ki fara tayi daga kashi ɗaya cikin uku na abin da aka sa. A gida kuwa kada a yi tayin wulaƙanci, sai a rufe miki ƙofa.

Kafin ki ce kin saya, ki lissafa kuɗin mota, na masu ɗauka da na 'yan tasha, don kabad mai araha a Lekki yana iya tsada kafin ya haye gada ya iso Agege. Ki karɓi rasit mai sa hannu da lambar wayar mai kaya. Masu gadin rukunin gidaje ba sa barin kaya su fita ba takardar izini, 'yan sanda ma za su tambaya a hanya.

Kafintan Idi-Araba:

Hajiya, a garin nan danshi ne alƙali, shi ke nuna katakon kirki. Ki tafi da tocila, awo da farar takarda.

Fara da juya kayan, a duba baya da ƙasa inda ba a shafa fenti ba. Katako na gaske irin loko, maɗaci ko tik, zanen jijiyarsa yana zagayowa daga sama har gefe, kuma yana da nauyi. Idan gefen ya nuna garin katako da aka matse aka lulluɓe da leda mai zane, ki bar shi ko kyauta ne. Damina ɗaya ƙafafunsa za su kumbura, kuma ba ya gyaruwa. Zaro aljihun teburi gaba ɗaya: tsohon aiki haɗinsa haƙora ne masu shiga juna, na hannu ma ba sa zuwa daidai da juna. Sukurori masu tsaga ɗaya sun fi nuna tsufa. Inda kika ga an harba ƙananan wayoyi da gam, aikin kwanan nan ne.

Babban abin tsoro ƙwaron katako. Ramukansa ƙanana ne, milimita ɗaya zuwa biyu. Shimfiɗa takardar a ƙasa, ki ƙwanƙwasa wajen da hannu. Idan gari mai haske mai laushi ya zubo, ƙwaron yana nan da rai. Ramin da bakinsa ya yi baƙi, ba gari, tsoho ne. Gara kuma ciki take cinyewa ta bar fata, sai a danna da kan sukundireba a ƙafafu da bayan kabad, idan ya lotsa an gama. Ramuka kaɗan a gefe ɗaya suna maganuwa: a ɗura maganin katako irin Solignum da sirinji a kowane rami, a naɗe da leda mako biyu a waje, a sake gwajin takardar. Idan ƙafa biyu sun ci, kuɗin gyara zai fi kuɗin saye. Kuma kada kayan su shiga ɗaki kafin a gama, don ƙwaron zai koma kan ƙofofi da silin.

Fumfuna ba ta hana saye. Ruwan kal da ruwa rabi da rabi, a goge da tsumma mai ɗan laima, a shanya a inuwa mai iska kwana biyu. Ban da rana tsaka, katakon da ya sha danshi yana tsagewa idan ya bushe da gaggawa. Kada kuma a yi saurin kankare tsohon fenti da sanfefa a cikin gida, don tsofaffin fenti da yawa akwai dalma a ciki, ƙurarta illa ce ga yara. Amurka ma sai 1978 ta hana shi a fentin gidaje.

Kujerun kushin ni ban ba da shawara ba, sai in firam ɗin ake so. Kuɗin cizo a ɗinki da ƙarƙashin yadi yake ɓuya, alamarsa ɗige-ɗige baƙaƙe. A yage yadi da soso a zubar tun a waje, a sa sabo. Kuma don Allah ban da fesa Sniper a ɗaki, maganin gona ne.

Madubi: ɗigon baƙi a gefe ado ne na tsufa, amma a nan yana yaɗuwa. A sa masa sabon allo a baya, a bar tazarar yatsa tsakaninsa da bango.

Mai Wayarin na Mile 12:

Fitila da agogo su ne nawa. Wutarmu bolt 230 ce, zagaye 50 a daƙiƙa. Ta Amurka 120 ce, zagaye 60. Yawancin kayan kwantena da ke sauka Apapa da Tin Can daga can, da filoginsu mai siraran haƙora biyu suke zuwa. Kada a sa adafta kawai a soka.

Fitilar tebur mai sauƙi ce, in dai waya ce da mazaunin ƙwai kawai. A cire duka a sa sabo: waya mai kaurin murabba'in milimita 0.75, sabon mazaunin ƙwai, filogi mai haƙora uku da fis na amfiya 3. Idan jikin fitilar ƙarfe ne ko tagulla, dole waya mai jijiya uku, a ɗaure jijiyar da ke kai wuta ƙasa a jikin, in ba haka ba ranar da roba ta goge za ta ja mutum. Tsohuwar wayar ko tana aiki a canza ta, robarta ta bushe. Mai maɓallin rage haske ko wadda ake taɓawa ta kama, wannan akwai na'ura a ciki, za ta ƙone nan take, sai an cire ta.

Agogon lantarki na Amurka kuwa ko an sa masa taransifoma ba zai ba da lokaci ba, don da zagayen wuta yake ƙirga. Zai riƙa rasa minti goma a kowace awa, awa huɗu ke nan a yini. Garmaho mai irin wannan injin shi ma murya za ta yi nauyi. Maganin agogon a cire injin a sa na batir, a bar fuska da hannaye.

Mai wani ya fi dacewa da mu. A tabbata makullinsa na nan. Rami biyu a fuska, ɗaya na tafiya ɗaya na bugu. A yi masa wani kaɗan, a kaɗa abin lilon, a tsaya minti goma ana saurare: bugun ya zo daidai, ba ɗaya dogo ɗaya gajere ba. Idan yana ɗingishi, yawanci rataya ce ba ta miƙe ba. A cire abin lilon kafin a sa a mota, siririn ƙarfen da yake rataye a kai shi ne ke fara karyewa a ramukan hanya. Kuma kada a fesa masa man cire tsatsa, yana tara ƙura ya cinye haƙoran.

Hajiya Mai Kayan Jere:

'Yar'uwa, sayi ƙaramin maganaɗisu ki sa a jaka. Tagulla da jan ƙarfe ba sa kama shi. Idan ya manne, ƙarfe ne aka yi wa wanka. Idan bai manne ba amma abin ba nauyi, ɗan karce ƙasan: ruwan ɗorawa a ciki tagulla ce, fari kuwa wani ƙarfen ne aka rina. Aikin Bida na hannu za ki ga sawun guduma a bayansa, zanen kuma ba ya maimaita kansa sak.

Wanki: ruwan lemun tsami biyu da gishiri cokali ɗaya, ko jiƙaƙƙiyar tsamiya. A shafa, minti biyar, a ɗauraye sosai, a goge ya bushe ƙarau. Gishirin da ya saura a lungu shi ke kawo koren tsatsa, iskar Legas ma da nata gishirin. Ban da soson ƙarfe.

Tangaran da kwanuka, ƙasansu ake karantawa. "West Germany" kafin haɗewar Jamus ne a 1990. "Czechoslovakia" kafin 1993. "USSR" bai wuce 1991 ba. "Occupied Japan" tsakanin 1947 da 1952. Wanda aka rubuta ana iya sa shi a injin wanke kwano ko na ɗumama abinci, ba tsoho ba ne can. A cokula da tire, EPNS wankan azurfa ne kawai, azurfa ta gaske tana da 925 ko hatimin zaki idan ta Ingila ce. Ƙwanƙwasa faranti da farce: lafiyayye yana amsawa da ƙara mai tsawo, mai ɓoyayyar tsaga sai ya ce ƙwaf.

Fanteka, langa da kumbo, a nemi murfin asali, a jera su a ga zanen ya zo ɗaya. Inda fenti ya ɓare har baƙin ƙarfe ya fito, tsatsa za ta ci gaba. A goge, a ɗiga man farce marar launi. Masu ja da ruwan ɗorawa a ciki a bar su a jere, kada a zuba abinci mai tsami.

Ki sa ido kan tukwane da kofuna masu ƙyalli na tsohuwar Abuja, wato Suleja ta yanzu, inda Ladi Kwali ta kan naira ashirin ta yi aiki daga 1954. Hatiminsu sunan Abuja ne da harafin Larabci, nata kuma da LK a gefe. Irin waɗannan sukan fito daga gidajen tsofaffin ma'aikata a haɗe da kwanukan kicin.

Abu biyu a guje su ko nawa ne: hauren giwa, da duk abin da aka ce an tono ko an ɗauko daga fada ko wurin bauta. Dokar 1979 ta sa cinikin kayan tarihi ƙarƙashin Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa.

Uwargidan Agege:

Allah ya saka da alheri, na rubuta duka. Kasuwar kayan gargajiya ta Jakande a Lekki fa, babu wanda ya ambace ta?

Dillalin Obalende:

Akwai kaya masu kyau, 'yan'uwanmu ma suna da shaguna da yawa a ciki, amma galibi sabon aiki ne, wani a turara shi da hayaƙi ya yi kamar tsoho. Farashin kuma na baƙi ne.

Hajiya Mai Kayan Jere:

Alhaji, ban yarda a tsallake ta ba. Can ne za ta riƙe tagulla iri-iri a hannu ta san nauyinta da farashin sabuwa, sai ta san abin da za ta taya tsohuwa. Ki je ranar aiki da safe, ki yi Hausa, ki tambayi abin da ke cikin sito ba na kan tebur ba. Tsufan gaske a inda hannu ke taɓawa yake, mariƙi da baki sun yi santsi, lungu ya yi duhu. Idan duhun ya rufe ko'ina bai ɗaya, goga da farin tsumma mai ɗan kananzir. In ya baƙanta tsumman nan take, man takalmi ne.