Ta yaya sanata mai ci ke faɗuwa a zaɓen fidda gwani?

Ɗan Ƙofar Ƙaura:
Assalamu alaikum. Manyanmu da suka daɗe a harkar, ku taimaka ku warware mini wannan. A 2023 duk sanatocin Katsina uku ba wanda ya koma majalisa. Na shiyyar Daura, Ahmad Babba Kaita, na fahimta: ya bar APC ya koma PDP, Nasiru Sani Zangon Daura ya kayar da shi a babban zaɓe. Amma Kabir Barkiya na Katsina ta Tsakiya tun a cikin gida Abdul'aziz Musa 'Yar'aduwa ya karɓe tikitin APC. Ni ɗinki nake yi, ina da katin zaɓe, kuma ba wanda ya tambaye ni ko na gaji da sanatana. To su wa suka gaji da shi a madadina?

Baba Na-Daura:
Wa alaikumus salam ɗana. Deliget ne, wato wakilan jam'iyya da ke jefa ƙuri'a a zaɓen fidda gwani. A 2022 APC mutum biyar ta ɗauka daga kowace mazaɓa, jiharmu kuma mazaɓu 361 ne. Ka raba su shiyya uku, za ka ga 'yan ɗaruruwa ne ke yanke wa miliyoyi hukunci. Tambayar da ta fi ita ce wa ya rubuta sunayen mutum biyar ɗin nan. Shugabannin jam'iyya na mazaɓa da na ƙaramar hukuma suna tare da wanda ke riƙe da jam'iyyar a jiha, galibi kuwa gwamna ne, a kowace jiha. Sanata yana Abuja, gwamna yana gida, shi ke naɗa kwamishina da mai ba da shawara.

Abin da ya ƙara dagula wa 'yan majalisa lissafi a shekarar, da hannunsu suka yi shi. Sashe na 84(8) na Dokar Zaɓe ta 2022 ya ce zaɓaɓɓun deliget kaɗai ke jefa ƙuri'a. Sai ya zamana su sanatocin kansu, da tsofaffin masu muƙamai da a da suke shiga kai tsaye, duk an bar su a waje. A watan Mayu suka yi gyara cikin gaggawa, marigayi Buhari bai sa hannu ba. Kafin nan, a Disambar 2021, ya mayar musu da ƙudurin da ya tilasta ƙato bayan ƙato, wato duk 'yan jam'iyya su zaɓi ɗan takara da kansu, tsarin da gwamnoni suka ƙi.

Maman Khadija, Funtuwa:
Baba, gaskiyarka, amma kar a ɗora wa gwamna komai. Deliget ɗin nan maƙwabtanmu ne, tare muke zuwa jana'iza da suna. In mutum ya tafi Abuja ya canza lambar waya, aka kwashe mutane a ƙauye bai zo jaje ba, ranar fidda gwani me deliget zai tuna? Mu da ke kusa da Faskari da Sabuwa mun san wanda ya zo lokacin da muke kuka. Wani ko gwamna bai sa baki ba zai faɗi.

Baba Na-Daura:
Haka ne 'yata. Shi ya sa nake duba Kebbi. Adamu Aliero da Yahaya Abdullahi sun saɓa da gwamnansu a 2022, suka fice zuwa PDP, kuma dukansu suka ci zaɓe a 2023. Wanda yake da jama'a da gaske, hana shi tikiti ba ya gama da shi.

Ɗan Ƙofar Ƙaura:
Na gode Baba, na gode Hajiya. Abin da ya fi ci mini rai shi ne ranar da aka zaɓi mutum biyar na mazaɓarmu ina shago, ban ma ji labari ba. Baba, in zan yi rajistar jam'iyya, wurin shugaban mazaɓa zan fara ko sakateriyar ƙaramar hukuma?