Yaya zan sa repr ya rubuta NaN yadda Python zai karɓa?

Salamu alaikum 'yan'uwa. Kwana biyu ke nan abin nan ya tsaya mini a Python. So nake bayanan da manhajata ta tara su koma rubutun kod, wanda mutum zai iya karantawa, kwamfuta kuma ta sake ɗauka. Na gwada repr, mai mayar da bayanai rubutu, jeri da ƙamus duk sun fito tsaf. Amma da zarar akwai NaN (ƙimar da ke nufin "ba lamba ba") a ciki, sai ya rubuta nan kawai, kamar "nan" ɗinmu na Hausa, eval kuwa, mai karanta rubutun a matsayin kod, ya ce NameError, wato bai san sunan ba. Shi ma ɗan'uwansa literal_eval ya ƙi.

Pickle, hanyar adana bayanai ta Python, ba zai yi mini ba, ido ba ya karanta shi. Akwai dabarar da repr zai riƙa rubuta math.nan, ko sai na rubuta tawa? Don Allah a taimaka.