Madubin saiti ɗaya ga bindigogi uku: zai yiwu, ko asarar kuɗi ce?

Manomin Kirfi:
Assalamu alaikum, iyayena da 'yan'uwana maharba. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni sanin wannan harka. Bindigogi uku gare ni, kowacce da takardarta. Akwai ta iska mai lamba 5.5, irin wadda ake karya bakinta a ɗana, akwai .22 LR da nake harbin zomo da zabi da ita, sai kuma .243 Winchester da na gada daga mahaifina, wadda nake fita da ita idan gadu ya addabi masarata a gonar da ke kusa da kogin Gongola. Shekaruna 52, kuma idona ya daina haɗa ƙarfen saiti na baya da na gaba da dabba a lokaci guda, musamman gab da magariba. Abin da na ware naira 150,000 ne, ba ni da ƙari. Shin zan iya sayen madubi ɗaya mai kyau in riƙa cire shi daga wannan ina ɗaura wa waccan? Da ta iska ba na wuce mita 25, da .22 mita 50 zuwa 60, da babbar kuwa ban taɓa wuce mita 150 ba.

Ɗan Toro:
Wa alaikumus salam, Alhaji. Kada ka wahalar da kanka, ka nemi madubi mai lamba 6-24x50. Ni shi nake da shi, naira 60,000 na saye shi, har fitila ja da kore yake kunnawa a ciki, kuma daga mita 300 kana iya ƙirga gashin wuyan gada.

Baba na Dass:
Jikana ne yake rubuta mini wannan. Ɗana, na yi shekara arba'in ina farauta da adaka, ban taɓa leƙa gilashi ba, kuma gidana bai rasa nama ba. Maharbi iska yake karantawa. Idan ka bi ta inda iska ba za ta kai wa gadu warinka ba, zai bar ka ka matso har taku talatin, a nan kuwa ko mai hakiya ba zai kuskure ba. Ka ajiye kuɗinka ka sayi taki.

Malamin Kimiyya, Gombe:
Allah ya ƙara wa Baba lafiya, amma Alhaji ya ce idonsa ne ya raunana, kuma sanin iska ba ya gyara ido. Alhaji, tambayarka kashi biyu ce. Game da girman madubin, 3-9x40 ya ishe ka a duk nisan da ka ambata, ko ma 2-7x32. Lambobin farko suna nuna sau nawa yake kusanto da abu, ta ƙarshe kuma faɗin gilashin gaba ce a milimita. Idan ka raba 40 da 9 za ka sami kusan milimita 4.4, wato faɗin hasken da ke isowa idonka, alhali na Ɗan Toro idan aka murɗa shi zuwa 24 bai fi milimita 2 da ɗan kaɗan ba, don haka da almuru duhu zai yi maka, ga shi kuma ko bugun zuciyarka sai ya sa layin saitin rawa.

Kashi na biyu shi ne mai wuya. Madubi yana iya ƙaura daga bindiga zuwa bindiga, amma saiti ba ya binsa. Harsashin .243 mai nauyin giren 100 (giren ma'aunin nauyin harsashi ne) yana fita da gudun kusan mita 900 a daƙiƙa, na .22 kuwa bai kai mita 400 ba. Idan ka daidaita .22 a mita 50, kafin harsashin ya kai mita 100 ya sauka kusan taƙi guda, ita kuwa .243 da aka daidaita a mita 100 saukarta a mita 200 kimanin santimita 10 ce kawai. Ƙari a kan haka, hanyar da ake ɗaura madubi a kan bindigar iska da yawancin .22 siririya ce, milimita 11 ko abin da ya yi kusa da haka, babbar bindiga kuwa gindin ɗaurinta daban ne, saboda haka zobban riƙo ma sai ka sayi kashi biyu. Kuma ina roƙonka, kada ka ɗora madubi na gama-gari a kan bindigar iska mai sifirin irin taka. Shurinta biyu ne, ta yi baya sannan ta fizga gaba, kuma wannan fizgar ta gaba tana kwance cikin madubin da ba a ƙera shi don ita ba, ko da yana jure shurin manyan bindigogi.

Babarbaren Azare:
Malam ya faɗi gaskiya, amma ku bar ni in ba ku labarina, domin ni jini na zubar kafin in koya. Shekara biyu da suka wuce na sayi madubi a wani shago, an buga masa sunan wani babban kamfanin Amurka da ruwan zinariya, har da kwali da ƙyallen goge gilashi, a kan naira 95,000, mai shagon yana rantsuwa cewa ɗan asali ne. Na fara ɗaura shi a bindigar iska. Ban cinye gwangwani ɗaya na harsashi ba sai na ga layin da ke tsaye ya karkace kamar bukkar da iska ta buga. Na ce a raina wataƙila idona ne, na cire shi na mayar kan babbar bindigar yayana.

Ranar da abin ya faru muna gefen wani tudu, gada tana sama da mu, na kwanta na ɗaga bakin bindiga. Shi wannan madubi ba ya nuna komai sai ka manna ido da shi kamar mai leƙen ramin makulli. Ina taɓa kunama, bakin ƙarfen ya sare ni a gira. Na ji ɗumi yana gangarowa, na shafa, sai ga tafin hannuna jawur, gada kuwa ko gashinta ban taɓa ba. Ɗinki huɗu aka yi mini. Da damina ta kankama a watan Agusta, sai gilashin ya yi hazo daga ciki, ka goge waje har ka gaji ba abin da zai sauya, wanda ya nuna cewa ba a cika shi da iskar naitirojin an toshe ba kamar yadda ake yi wa na kirki. Na mayar wa mai shago, ya juya shi a hannu ya ce ai kayan gilashi idan sun fita ba sa dawowa. Har yau yana cikin akwatina, na ajiye shi don ya riƙa tuna mini.

Bafillacen Dukku:
Allah ya kiyaye gaba, amma ni ban ga asarar da aka yi ba. Babarbare da ma fuskarsa cike take da tsaga, madubi ya ƙara masa guda ɗaya a gira, ai ado ya samu. Mu iyayen gidanku da kun tambaye mu da mun ba ku sanda, ita ba ta shuri.

Babarbaren Azare:
Bawana, ka bari manya su gama magana, sannan ka zo ka karɓi ladan kiwo. Alhaji, abin da nake so ka riƙe shi ne tazarar ido. Duk madubin da za ka ɗora wa .243, ka tabbata kana ganin hoto cikakke alhali tsakanin idonka da gilashi akwai santimita 8 zuwa 10.

Ɗan Toro:
Naira 95,000? An yanke ka, ɗan'uwa. Irin wannan mai sunan zinariya na gan shi a 45,000 a Jos.

Mai Kanti, Bauchi:
Ku yi haƙuri, duk farashin da kuke faɗa na jabu ne. Madubi 3-9x40 na kamfanonin da aka sani, irin su Leupold ko Vortex, a can ƙasar da ake sayar da shi ma sai ka ba da dala 150 zuwa 300, kafin kuɗin ɗauko shi. Ku lissafa da canjin yau ku gani ko 60,000 za ta je ko'ina. Da 150,000 Alhaji zai iya samun na hannu mai lafiya, ko ƙaramin Hawke, wanda kamfanin Ingila ne da ya yi suna wajen maduban bindigar iska.

Tsohon Soja:
Ni na sayi nawa 120,000 sabo fil a bara, kuma yana aiki, don haka maganar Mai Kanti ta 'yan kasuwa ce. Sannan da girmamawa, Malamin Kimiyya allo yake harbi da alli. Mu da muka kwana da bindiga a daji mun san cewa maganin wannan matsala shi ne Alhaji ya sayar da ukun nan ya sayi bindiga mai lamba .308 guda ɗaya, ya ɗaura mata madubi, ya huta da ciro da mayarwa.

Malamin Kimiyya, Gombe:
Yallabai, ina girmama hidimar da ka yi wa ƙasa, amma ina fita farauta a yankin Nafada tun ina saurayi, kuma lissafin da na kawo ba ya sauyawa saboda wanda ya faɗe shi malamin makaranta ne. Shawararka kuma tana da matsala biyu. Wanda ya harbi zabo da .308 gashi kawai zai tsinta. Na biyu, Dokar Makamai ta 1959 ta sa bindigogin soja masu lamba 7.62 da .303 a rukunin da aka haramta wa farar hula sai da izinin Shugaban Ƙasa, .308 kuwa 'yar'uwar 7.62 ce ta jini, don haka kada a tura bawan Allah inda zai shiga uku.

Baba na Dass:
Jikana ya karanta mini duka. Soja da malami kuna ta gardama, amma a cikinku wa ya taɓa bin sawun gadu tun daga hantsi har la'asar? Wanda bai yi haka ba, shawararsa ta zaure ce.

Manomin Kirfi:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri, kuma Baba a gafarce mu. Na fahimci cewa in cire bindigar iska daga lissafi. To saura biyun, Malam, idan na sayi zobban da ake kwancewa da hannu, na rubuta adadin ƙyas-ƙyas ɗin da nake murɗawa a maɓallin saitin madubi ga kowace bindiga a takarda, ba zan iya komawa saitina ba tare da gwaji ba?

Malamin Kimiyya, Gombe:
A ƙa'ida zai yiwu, Alhaji. A yawancin madubai kowane ƙyas ɗaya yana matsar da harsashi kusan milimita 7 a mita 100, rabin haka a mita 50. Sai dai madubi mai araha ba ya komawa daidai inda ya baro, kuma ko mai tsada ne, ba ya halatta ka saki harsashi a kan dabba mai rai ba ka gwada uku a kwali ba, don kada ka raunata ta ta tafi ta mutu a banza. Akwai kuma wani abu: madubin da aka yi don .22 an daidaita gilashinsa a wajen yadi 50, na manyan bindigogi kuwa a yadi 100 ko fiye, saboda haka ka nemi mai zoben daidaita nisa a gaba ko a gefe. Ka kuma guji mai ɗigo-ɗigon nisa a ƙarƙashin layi, domin don harsashi iri ɗaya aka zana su.

Babarbaren Azare:
Nawa ma ƙyas-ƙyas yake yi da daɗin ji, amma na murɗa goma harsashi bai gusa ba, na ƙara biyu ya yi tsalle taƙi guda. Harsashi goma sha ɗaya na yayana na ƙone a rana ɗaya, har yau idan muka haɗu a wurin biki sai ya tayar da maganar.

Mai Gonar Alkaleri:
To ga inda gizo ke saƙar. Malam yana cewa a gwada uku a kwali duk lokacin da aka sauya, a ina za a sami ukun? Ni wata bakwai ke nan ina neman harsashin .243, wanda ya yi mini alkawari ya karɓi kafin alƙalami, kullum sai ya ce kaya suna hanya. Guda tara suka rage mini, ina lallaɓa su kamar ƙwai, ga gwaggon biri yana shigo mini gona daga wajen daji. Alhaji, kai nawa suka rage maka?

Tsohon Soja:
Ko na .22 da muke raina wa yanzu ya zama gwal. Kwalin hamsin da na saya kwanan baya, bakwai a ciki sun ƙi tashi, da gani sun sha damshi a ajiya, kuma mai sayarwa ya ce bindigata ce ba ta da lafiya.

Mai Kanti, Bauchi:
Kada ku ɗora wa 'yan kasuwa laifin duka. Mai lasisin sayarwa ma da dala yake saye, kuma kuɗinsa yana kwance wata da watanni kafin kaya su fito.

Manomin Kirfi:
Goma sha huɗu suka rage mini, tun na marigayi, a cikin gwangwanin da ya bari. Idan kowace sauyawa za ta ci uku, kafin a cire masara na ƙare su a kan kwali. Mai Gonar Alkaleri, wanda ya karɓi kuɗin naka, nawa ya yi maka kwalin ashirin, kuma ka ga lasisinsa da idonka kafin ka biya?