Neman shawara: zan hau Chappal Waddi ta cikin dajin Gashaka a watan Agusta

Mai tambaya:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah waɗanda suka san dajin Gashaka-Gumti su taimaka min, kwana uku ke nan barcina rabi da rabi ne. Ni ma'aikaci ne a Kano, shekarata 31. Tun muna sakandare aka faɗa mana cewa dutsen da ya fi kowanne tsawo a Najeriya yana Taraba, wato Chappal Waddi, mita 2,419, abin ya zauna min a rai har yau. Mu uku muka ƙulla tafiyar bara, muna zuba adashi duk wata. Ɗaya ya yi aure ya janye, ɗayan kuma yanzu sai na kira sau biyar kafin ya ɗauka, alhali da kuɗinsa muka haɗa muka sayi tanti, ban san ko in mayar masa ba. Hajiyarmu kuma ta ji an ce Fulani suna kiran dutsen Gangirwal, wai dutsen mutuwa, tun ranar ba ta ƙara sakar min fuska ba. A wurin aiki an ba ni hutun kwana 12 a Agusta, in ban ɗauka ba ya ƙone. Na sayi sabon takalmin but yana cikin kwalinsa, jakata na ɗora a sikeli kilo 24. Ba na son gajeriyar hanya, so nake in taka daga ƙauyen Gashaka ta cikin kurmi har sama. Wane abinci zan riƙe, kuma wane maganin sauro ya fi?

Jagoran daji:
Wa alaikumus salam ƙanena. Abinci ba shi ne matsalarka ba, wata ne matsalarka. Agusta tsakiyar damina ce a can, kuma daminar Gashaka ba irin ta Kano ba ce. Rafin da za ka tsallaka ruwa iya idon sawu a Janairu, a Agusta sai ya kai ƙirji, yana tafe da itatuwa. Ruwan ma ba sai ya sauka a kanka ba. Ya zuba can saman duwatsu, kai kana ƙasa rana na haskawa, kafin awa guda rafi ya cika ya raba ka da hanya gaba da baya. Lokacin wannan tafiya Disamba zuwa Maris ne.

Lissafa kwanakinka kuma. Kano zuwa Jalingo yini guda ne cur. Jalingo zuwa Serti ta Garba Chede da Bali wani yinin. Dawowa haka. Kwana huɗu sun tafi a mota. Ofishin gandun dajin yana Serti, can za ka yi rajista, ka biya, a haɗa ka da ma'aikatan daji da 'yan dako, wannan ma ka ba shi yini. Saura bakwai. A kurmi mai hawa da santsi, mai kaya a baya in ya ci kilomita 2 a awa ya yi ƙoƙari, kuma duk hawan mita 600 ka ƙara awa guda a kai. Rafi ɗaya ya tsare ka kwana biyu, lissafinka ya rushe. Ba ka ma faɗa mana ko kai kaɗai za ka ba, ko ka taɓa kwana a daji.

Ɗan Mambila:
Malam, in dai kan dutsen kake son takawa, me zai kai ka ta ƙasa? Ka wuce Serti ka hau ta Mayo Selbe zuwa Nguroje, daga nan a nufi wajen Njawai. Ka riga ka fara daga tudu, yawancin tafiyar cikin ciyawa ce da rugagen Fulani, kwanakin sun ragu sosai. Sai dai ita ma a damina hanyar babur taɓo ce zalla, hazo kuma kan rufe har ba ka ganin na gabanka. Ka riƙe katin shaidarka a leda, dutsen a kan iyakar Kamaru yake.

Abin da ke ƙona min rai shi ne baƙin da ke zuwa su ɗauki hoto, su bar ledar taliya da gwangwanin kifi a bakin ƙorama inda shanu ke sha. Saniya ta haɗiye leda ta mutu, gobe baƙo ya zo neman nono a ruga a ƙi kula shi. Duk abin da ka hau da shi ka sauko da shi.

Mai tambaya:
Yallaɓai Jagora na gode, amma hutun ba a hannuna yake ba, na roƙa a mayar Disamba an ƙi. Kuma na ga hotunan wurin a damina, kore shar, ni shi nake so in gani, ba busasshiyar ciyawa ba. Ina tafiyar kilomita 8 kullum da asuba, ba rago ba ne ni. Hanyar Nguroje kuma ai kamar an ɗora mutum ne a kafaɗa.

Jagoran daji:
Kilomita 8 a kwalta ba kaya daban, hawa da kilo 24 daban. Nauyinka nawa? Jaka kada ta wuce kashi ɗaya cikin biyar na nauyin jikinka. Mai kilo 70 ya tsaya a 14, in ya matsa 16. Zazzage ta ka sake dubawa. Kayan sawa kala biyu sun isa: ɗaya na tafiya, ya jiƙe ya bushe a jikinka, ɗaya na barci a ƙulle cikin leda biyu, ba ka taɓa shi sai ka shiga tanti. Kada ka kai jins ko rigar auduga, in sun sha ruwa ba sa bushewa. Duk hawan mita 1,000 zafi na sauka da kusan digiri 6, ga iska, ga jiƙaƙƙen kaya. Haka sanyi ke kayar da ƙato: rawar ɗari, sai magana ta fara harɗewa, sai ya ce a bar shi ya kwanta. In ka ga haka a tuɓe masa jiƙaƙƙen kaya, a naɗe shi, a ba shi shayi mai sukari in yana iya haɗiya.

But ɗin nan fitar da shi daga kwali yau. Ka yi sati uku kana yawo da shi da jakar a bayanka, kana hawa Dala ko Goron Dutse kana sauka. Saukowa ce ke kashe farce, don haka ya zama akwai sarari kamar faɗin babban yatsa a gaban yatsunka. Da ka ji wuri ya fara zafi a diddige, tsaya nan take ka manna filasta kafin ya zama bororo.

Abinci tunda shi ka tambaya: busasshe, giram 700 zuwa 800 a rana. Garin kwaki, ƙuli-ƙuli, gyaɗa, dabino, kilishi ko dambun nama, madarar gari, sukari, ganyen shayi, taliya mai saurin dahuwa. Bar wake a gida, yana cin wuta, itace kuma jiƙaƙƙe ne. Ashana a cikin roba mai murfi, da laita biyu. Ka ƙara abincin kwana biyu a kan lissafi, kuma ka tambaya tun a Serti wa zai ciyar da 'yan dako, nan ake yawan samun saɓani.

Ɗan Mambila:
Ni ban yarda da but a damina ba. Ya cika da ruwa tun rafin farko, ya yi nauyi, kwana uku bai bushe ba, ƙafa ta yi fari ta fara saɓulewa. Dubi 'yan dako da makiyaya, takalmin roba suke sawa, a juye ruwa a ci gaba. Kasuwa ma ta cika da but na jabu, gam ne kawai, ranar farko tafinsa zai rabu da shi.

Jagoran daji:
Su ƙafarsu ta saba tun suna yara. Baƙo ya sa roba da kaya a baya a gangara, targaɗe zai yi. But don tafiya, roba don tsallaka ruwa da zaman sansani, safa ƙafa uku ana juyawa. Tsallakar ma da ƙa'ida: kwance ɗamarar jaka ta ƙugu, fuskanci inda ruwan ke fitowa, dogara sanda a gabanka, ka ja ƙafa ɗaya bayan ɗaya. Ruwa mai gudu in ya wuce gwiwa a jira shi. Kada ka ɗaure igiya a ƙugunka, ita ke danne mutum ƙarƙashin ruwa.

Nas daga Jalingo:
Ɗan'uwa, ka tambayi maganin sauro, ga nawa. Gidan sauro mai magani da man shafawa mai sinadarin korar sauro na DEET. Ka ga likita kafin ka tashi ya rubuta maka maganin zazzaɓin cizon sauro, irin mai ƙwaya 24 da ake sha sau shida a kwana uku, ana haɗa shi da abinci mai maiƙo. Akwai tsando a kurmin, yana bin shuɗi da baƙi, ka sa kaki mai dogon hannu. Kullum da yamma ka duba hammata da matsematsi saboda kaska.

Ruwa lita 3 zuwa 4 a rana. Tace da ƙyalle, ka tafasa minti ɗaya, in kun haura mita 2,000 minti uku. In ƙwayar kulorin ce, jira minti 30. Gudawa ta kama ka: ruwa lita ɗaya, sukari ƙaramin cokali shida a shafe, gishiri rabin ƙaramin cokali.

Maciji shi ne abin tsorona, da damina suka fi yawo. Akwai kasa, ba ta gudu, kwanciya take a hanya. In an sari mutum kada a ɗaure tamau, kada a tsaga, kada a tsotsa, baƙin dutse ba ya cire dafi. A cire zobe da agogo, a ɗaure ƙafar da sanda kamar karaya don kada ta motsa, a ɗauke shi. Abin takaici, mutane sai sun kwana biyu wajen mai magani, jini na zuba ta dasashi, sannan a nufi asibiti. Ka tambayi kanka daga tsakiyar kurmin awa nawa ne zuwa inda ake da allurar kashe dafi, rafi kuma a cike, ba sabis ɗin waya.

Mai tambaya:
Anti na gode, na rubuta duka. Jakar zan rage, amma faifan caji mai hasken rana da kyamara ba zan bari ba, don su nake tafiyar. Kuma ai da ma'aikatan daji zan tafi, sun san hanya. In Allah ya ƙaddara abu ko a gado sai ya same ka.

Jagoran daji:
Sanin hanya ba ya rage ruwan kogi, ƙanena. A ɗaure raƙumi sannan a yi tawakkali. Faifan hasken rana kuma a ƙarƙashin kurmi cikin hadari ba abin da zai caja maka, ka riƙi fawa bank biyu a leda ya fi. Kafin ka kashe ko sisi, nemi ofishin Serti ka tambaye su abu biyu: suna shiga da baƙo ta Gashaka a Agusta, kuma yaya tsaron hanyar yake a wannan satin. In sun ce a'a, magana ta ƙare.

Wata 'yar'uwa:
Duk kun tsaya kan takalmi, ba wanda ya yi maganar Hajiya. Malam, ka tafi mahaifiyarka tana kuka? Kuma kuɗin abokinka ka mayar masa tukuna.

Mai tambaya:
Hajiya zan lallashe ta, Yaya, ta fara saukowa. Tantin kuma ai tare muka saya. Na kira wata lamba da aka ba ni ta Serti ba ta shiga. In na bi ta Nguroje na hau, zan iya saukowa ta kurmin Gashaka? Kwana nawa wannan zai ci?

Ɗan Mambila:
Rafukan dai suna nan a hanyar saukowar. Wa zai kawo muku abinci a tsakiya?